TARIHIN KARE A ƘASAR ADAR DA MAJIYA

Na san wasu za su ce an rasa abin rubutawa sai kare. Ku yi haƙuri ku karanta, don kakanninmu ba haka sunka ɗauke shi ba.

A zamanin da, duwatsun Keita da Bouza da fadamar Majiya cike suke da kurmi. Akwai barewa, akwai gada, zomo da zabin daji kuwa ba a magana. Kura da dila suna shigowa har bakin garke. Mutum biyu ba su rabuwa da kare: mahalbi da makiyayi. Idan anka gama girbi, anka sa hatsi rumbu, sai a buga gangar farauta, samari su fita garuruwa-garuruwa, kowa da sandarsa da karensa.

Ba kowane kare ake zuwa daji da shi ba. Tun shina ɗan kwikwiyo ake zaɓensa, a duba ƙirji da tsawon ƙafa. Abincinsa abincin gida ne: ƙanzon tuwo, dusa da ƙasari, ragowar hura, da nono in akwai. Kaskonsa daban, ba ya sa baki a ƙwaryar mutane. Horonsa kuwa a bayan babban kare yake yi, a sake su tare bisa zomo har ya gane. Abin da ya fi wuya shi ne a koya masa ya kama ya riƙe, kar ya ci. Mahalbi na ba shi kayan ciki bayan an yanka, daga hannunsa, don ya san rabonsa na wurin maigida. Ranar farauta ba a cika masa ciki da safe.

Malamanmu ma ba su hana wannan ba. A cikin Risala, wadda almajiran ƙasarga duk sun karanta, an yarda da kare don gona, da kiwo, da farautar neman abinci. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta yi maganar abin da horarren kare ya kamo. Abin da anka ƙi shi ne ajiye shi a gida ba dalili.

Maƙwabtanmu Buzaye, Kel Geres na wajen Madawa da na arewacin Tahoua, su ke da dogon karen nan siriri mai gudu kamar iska. A farkon shekarun 1970 Turawa sunka kai irinsa Yugoslabiya da Faransa, sunka sa masa sunan Azawak. A 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta sa shi cikin littafinta. Can ana sayensa da tsada, nan kuwa yara na jifar danginsa.

Me ya kawo haka? Fari ne. Na 1973 da na 1984 sun kashe bisashe, sun cinye kurmi, naman daji ya ƙaura. Gidan da ba hura ga yaro, ina ta kare? Samari sunka kama hanyar Abijan da Legas da Kamaru. Gwamnati kuma ta hana farauta shekaru da dama, kafin dokar 1998 ta tsara ta da izini. An dasa layukan itatuwa a Majiya tun 1975, aikin Keita ya fara a 1984, itace ya komo, amma sana'ar ba ta komo ba. Kare ya zama marar ubangida, shina yawo a mahauta da juji.

Nan haɗarin yake. Ɗan ƙanena mahaukacin kare ya cije shi, anka tsaya shafe-shafe a gida har wata guda. Da ya fara tsoron ruwa anka kai shi likita, ba a komo da shi ba. Allah ya jiƙansa. Tun 1885 Pasteur ya samo allurar wannan ciwo, amma sai an yi ta kafin alamu su fito. Wanda anka ciza a wanke wurin da ruwa da sabulu kamar minti 15, a tahi likita ran nan.

Shi ya sa nake roƙon taron ƙungiya mai zuwa ya ware wani abu daga kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa, a kira ma'aikacin dabbobi ya yi wa karnukan garkunanmu da na lambunan albasa allura kowace shekara, a rubuta kowane kare da sunan maigidansa.