Talbot Papineau

Talbot Mercer Papineau (25 ga Maris 1883 – 30 ga Oktoba 1917) lauya ne kuma hafsan sojan ƙasa ɗan Kanada, wanda ya yi yaƙi a Faransa da Beljiyam lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya yi aiki a bataliyar Princess Patricia's Canadian Light Infantry, wadda ake taƙaita sunanta da PPCLI, har ya kai muƙamin manjo. Yana cikin 'yan Kanada na farko da suka samu lambar yabo ta Military Cross. An fi tunawa da shi saboda buɗaɗɗiyar wasiƙar da ya rubuta wa ɗan'uwansa Henri Bourassa a 1916, a kan ko ya wajaba masu jin Faransanci na Kanada su shiga yaƙin. An kashe shi a Passchendaele yana da shekara 34.

Asali da karatu

An haifi Papineau a garin Montebello da ke lardin Quebec. Shi tattaɓa-kunne ne na Louis-Joseph Papineau, ɗan siyasar da ya jagoranci boren da aka yi wa mulkin Birtaniya a 1837. Mahaifiyarsa, Caroline Rogers, 'yar birnin Philadelphia ce a Amurka. Ko da yake sunan gidansu yana da girma a wajen masu jin Faransanci, shi da Turanci aka fi renonsa, kuma ya tashi a ɗarikar Furotesta, alhali galibin masu jin Faransanci na Quebec 'yan Katolika ne. Yana jin harsunan biyu.

Ya yi karatu a Jami'ar McGill da ke Montreal. A 1905 ya samu tallafin karatu na Rhodes, ya tafi kwalejin Brasenose ta Jami'ar Oxford, inda ya karanta shari'a. Da ya dawo gida sai ya kama aikin lauya a Montreal, yana kuma da burin shiga siyasa.

Shiga soja

Birtaniya ta shiga yaƙi da Jamus ranar 4 ga Agusta 1914, kuma a tsarin wancan lokaci wannan ya jawo Kanada ciki kai tsaye. A cikin watan ne wani attajirin Montreal, Andrew Hamilton Gault, ya ba da dala 100,000 don kafa sabuwar bataliya a Ottawa. An sa mata sunan Gimbiya Patricia, 'yar Gwamna Janar na Kanada. Yawancin waɗanda aka ɗauka tsofaffin sojoji ne haifaffun Birtaniya. Papineau bai taɓa aikin soja ba, amma an karɓe shi da muƙamin laftanar.

Bataliyar ta tsallaka teku zuwa Ingila a watan Oktoba 1914, aka haɗa ta da runduna ta 27 ta sojan Birtaniya. Ta sauka Faransa a watan Disamba, ta shiga ramukan yaƙi a kudancin garin Ypres na Beljiyam a farkon Janairu 1915. Ita ce bataliyar sojan ƙasa ta Kanada ta farko da ta isa bakin daga.

St. Eloi da Frezenberg

A St. Eloi ramukan cike suke da ruwa da taɓo, ga tsananin sanyi, kuma Jamusawa suna haƙa wani rami da ke matsowa kusa da inda 'yan Kanada suke. A daren 27 ga Fabrairu 1915, wayewar 28, wata 'yar tawaga ta PPCLI ta kai wa ramin farmaki, ta rusa wani sashe nasa, ta janye kafin gari ya waye sosai. Papineau ne ya jagoranci masu jefa gurneti. Wannan aiki ne ya sa aka ba shi Military Cross, lambar da aka ƙirƙiro a watan Disamba 1914 don ƙananan hafsoshi. Cikin watan Maris aka harbe kwamandan bataliyar, Francis Farquhar, ya mutu.

Ranar 8 ga Mayu 1915, a lokacin gwabzawa ta biyu ta Ypres, Jamusawa suka yi wa PPCLI ruwan harsasan igwa a tudun Bellewaerde, kusa da Frezenberg, sannan suka auko da ƙafa. Layin da ke gefen hagun bataliyar ya karye, amma ita ba ta ja da baya ba. Gault da Agar Adamson, waɗanda suka riƙe ragamarta ɗaya bayan ɗaya, duk sun ji rauni, jagoranci ya faɗa hannun Laftanar Hugh Niven. Lokacin da aka zo canjinsu da dare, hafsoshi huɗu da sojoji kimanin 150 ne suka rage a tsaye. Papineau yana cikin huɗun nan. Daga baya a shekarar aka ƙara masa girma zuwa kyaftin.

Aikin hedikwata

A 1916 aka ɗauke shi daga bakin daga zuwa hedikwatar rundunar Kanada. Daga nan ya yi aiki da ofishin adana tarihin yaƙi da Max Aitken ya kafa, mutumin da aka sani daga baya da Lord Beaverbrook. Aikinsa ya haɗa da rubuta rahotannin da ake aika wa jaridu, da kula da masu ɗaukar hoto a fagen fama, har da lokacin yaƙin Somme.

Muhawara da Bourassa

Henri Bourassa jikan Louis-Joseph Papineau ne, wato a lissafin zumunta ɗan gwaggon mahaifin Talbot ne. Shi ya kafa jaridar Le Devoir a 1910, kuma zuwa 1916 shi ne babbar muryar masu adawa da zurfafa hannun Kanada a yaƙin. Wasiƙar Papineau tana ɗauke da kwanan watan 21 ga Maris 1916, amma sai ƙarshen Yuli jaridu suka buga ta. Da Turanci ya rubuta ta.

Hujjarsa ita ce, wahalar da masu jin Turanci da masu jin Faransanci suke sha tare a ramukan yaƙi ita za ta mai da Kanada al'umma guda. A ganinsa, idan Jamus ta yi nasara, harshe da 'yancin da Bourassa yake karewa su ma ba za su tsira ba. Ya kuma yi gargaɗin cewa sojojin da za su dawo gida ba za su yafe wa waɗanda suka ƙi taimaka musu ba.

Bourassa ya mayar da martani a farkon Agusta. Bai aika wa Papineau amsar kai tsaye ba, ta hannun abokin aikinsa na lauya, Andrew McMaster, ya bi. Ya ce yaƙin na daulolin Turai ne, kuma masu jin Faransanci ba su da wata ƙasa sai Kanada, ba kamar sababbin baƙi daga Birtaniya ba, waɗanda su ne suka fi yawa cikin masu shiga soja da farko. Ya tunatar da dokar da lardin Ontario ya kafa a 1912 mai taƙaita koyarwa da Faransanci a makarantu, yana nuna cewa akwai zaluncin da ya kamata a fara gyarawa a gida. Ya ƙara da cewa mutumin da addini da harshen reno suka raba shi da jama'ar Quebec ba shi da hurumin yi musu hukunci. Jaridar The Times ta Landan ta sake buga wasiƙar Papineau, abin da ya sa sunansa ya bazu a wajen Kanada.

Komawa bakin daga da rasuwa

A tsakiyar 1917 Papineau ya bar aikin ofis ya koma PPCLI, wadda a lokacin Agar Adamson ke jagoranta. An ba shi kamfani guda ya riƙe, ya zama manjo. Masu rubuta tarihinsa sun danganta komawar da abubuwa biyu: nauyin da yake ji na barin abokan yaƙinsa, da kuma sanin cewa aikin hedikwata ba zai ba shi ƙima a siyasa bayan yaƙi ba.

A watan Oktoba aka tura rundunar Kanada, ƙarƙashin Janar Arthur Currie, ta karɓi farmakin Passchendaele a gabashin Ypres. Ruwan sama da harsasan igwa sun mai da filin kogin taɓo. Da asubahin 30 ga Oktoba PPCLI ta tashi farmaki wajen tudun Meetcheele. An ruwaito cewa dab da fitarsu Papineau ya ce wa Hugh Niven wannan harin kashe kai ne. Jim kaɗan da fitowarsa daga rami harsashin igwa ya same shi, ya mutu nan take. Bayan 'yan makonni aka gano wani sashe na gawarsa aka binne, amma kabarin ya ɓace. Sunansa yana rubuce a ƙofar tunawa ta Menin da ke Ypres, tare da na dubban sojojin da ba a san makwancinsu ba. 'Yan Kanada sun kama ƙauyen Passchendaele ranar 6 ga Nuwamba, kuma farmakin ya ci musu mutum fiye da 15,000 tsakanin matattu da masu rauni.

Bayan rasuwarsa

Haɗin kan da Papineau ya yi fata bai samu ba a lokacin. Dokar tilasta shiga soja da gwamnatin Robert Borden ta kafa a watan Agusta 1917 ta ƙara raba Quebec da sauran larduna, kamar yadda zaɓen Disamba na shekarar ya nuna. A lokacin bikin Ista na 1918 an yi tarzoma a birnin Quebec, sojoji suka buɗe wuta, mutum huɗu suka mutu.

Wasiƙun da ya riƙa aika wa mahaifiyarsa da wata mai sassaƙa 'yar Philadelphia, Beatrice Fox, suna cikin muhimman shaidun rayuwar hafsan Kanada a bakin daga. Marubuciya Sandra Gwyn ta yi amfani da su a littafinta Tapestry of War na 1992. A 2007 tashar CBC ta nuna fim mai suna The Great War, inda Justin Trudeau, wanda ya zama firaministan Kanada a 2015, ya fito a matsayin Papineau.