Rangwamen Haraji Amana Ne a Hannun Ɗan Kasuwa

Idan hukuma ta sassauta harajin da ta ɗora wa kayan masarufi, alhali kuwa farashinsu bai motsa ba a kanti, to, wajibi ne a binciki aljihun da rangwamen ya faɗa. Wannan mas'ala ce ƙasar Indiya ta fuskanta tun da ta kafa harajin bai-ɗaya na kaya da hidima, wato GST, a watan Yuli na 2017, inda sashe na 171 na dokar ya wajabta wa ɗan kasuwa ya rage farashi gwargwadon duk ragin da aka yi wa haraji.

Hujjar wannan hukunci a fili take ga mai basira, domin harajin nan mai saye ne ke biyansa, shi kuwa mai kanti wakili ne da ke karɓa ya miƙa wa baitulmali. Saboda haka, in baitulmali ya yafe wani kaso na haƙƙinsa domin maslahar talakawa, wakilin da ya riƙe kason ya ci amana, ko da ya kira shi riba. Da aka sauke harajin kayayyaki da dama daga kashi 28 zuwa 18 cikin ɗari a watan Nuwamba na 2017, wasu kamfanoni sun ɗaga asalin farashi har ragin ya ɓace, lamarin da ya sa hukumar hana cin ƙazamar riba ta kama kamfanin Hindustan Unilever a 2018 da riƙe fiye da rupi biliyan 3.

Attajirai sun kawo uzurin cewa tsadar sarrafa kaya kan hau, kuma dokar ba ta ajiye ma'auni guda na lissafi ba. Uzurin yana da nauyi, amma gyaran ma'auni yake nema, bai rushe asalin wajibcin ba, kuma Babbar Kotun Delhi ta tabbatar da halaccin sashen a watan Janairu na 2024. Faransa kuwa, wadda ta sauke harajin gidajen abinci daga kashi 19.6 zuwa 5.5 a 2009 bisa alkawarin masu sana'ar kawai, kaɗan ne daga ragin ya isa ga masu cin abinci.

Bisa ga haka, daina karɓar sababbin ƙararraki a ƙarƙashin sashe na 171 da Indiya ta yi daga 1 ga Afrilu, 2025, koma-baya ne. Hukumar da ta rage haraji ba ta sauke nauyin da ke kanta ba sai ta tabbatar ragin ya kai ga mai saye.