Yadda Jadawalin Maganin BCG na Sankarar Mafitsara Ya Samo Asali

Maganin BCG da ake ɗura wa masu sankarar mafitsara tushensa ɗaya da rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai, wanda Albert Calmette da Camille Guérin suka samar a Faransa, aka fara amfani da shi a 1921. Aikinsa shi ne ya zaburar da garkuwar jiki ta far wa ƙwayoyin sankarar da ba su kai ga naman bangon mafitsara ba.

A 1976 ne likita Alvaro Morales na garin Kingston a Kanada ya bayyana sakamakon gwajinsa na farko. Yana zura maganin ta robar fitsari sau ɗaya a mako har mako shida. Dalilinsa kuwa mai sauƙi ne: kwalabe shida ake zubawa a kowane kwali, zafin fitsari da zazzaɓin da ke biyo baya kuma kan lafa cikin mako guda. Da aka ga amfaninsa, sai wannan tsari ya zama ƙa'ida. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da maganin a 1990.

Sai dai cutar kan dawo. Binciken da Donald Lamm ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2000, ya ƙara ɗuri uku-uku a wata na 3 da na 6, sannan duk bayan wata shida har shekara uku. Tsarin ya jinkirta dawowar cutar ƙwarai, amma kashi 16 cikin ɗari na marasa lafiyar ne kaɗai suka iya kammala shi. A 2013 wani bincike a Turai ya nuna shekara guda ta wadatar ga masu matsakaicin haɗari, masu babban haɗari kuwa sun fi amfana da shekara uku.

Ƙarancin magani ya sake tilasta sassauci. Masana'antar Sanofi da ke Toronto ta dakatar da aiki a 2012, abin da ya sa likitoci suka riƙa raba kwalba ɗaya ga mutum uku, suna gabatar da waɗanda cutarsu ta fi tsanani. Amma gwajin NIMBUS da aka wallafa a 2020, wanda ya rage ɗuri daga 15 zuwa 9 a shekara, an tsayar da shi tun bai ƙare ba, saboda cutar ta fi dawowa ga waɗanda aka rage wa.

A yau likita yakan jira aƙalla mako biyu bayan tiyatar cire sankarar kafin ya fara ɗurin, yakan kuma ɗage ɗuri idan akwai jini a fitsari, ko ciwon sanyin mafitsara, ko rauni daga roba. Ɗage rana domin lafiyar majinyaci abin karɓa ne, amma zabtare adadin ɗuri yana rage ƙarfin maganin.