Tallafi

tallafi (suna, namiji, daga fi'ilin *tallafa*). Riƙe abu daga ƙasa don kada ya faɗi. Haka kuma renon yaron da ba kai ka haifa ba: *ɗan tallafi*.

A siyasa, taimakon da gwamnati ke bai wa jama'a, ko ta biya wani ɓangare na kuɗin kaya don su yi araha: *tallafin taki*, *tallafin man fetur*. Alhaji Shehu Shagari, ɗan garin Shagari, ya yi shirin bunƙasa noma da gidaje masu sauƙin kuɗi lokacin mulkinsa, 1979 zuwa 1983. Har yau ana ce musu *gidajen Shagari*. Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, aka koma rabon shinkafa, ita ma tallafi ake kiranta.

Kalmar na ɗauke da ɗaci a bakin talaka, domin yana ganin masu uwa a gindin murhu ke fara ɗiba. Misali: *"Alhaji, takin tallafi ya iso Bodinga, amma sai mai katin jam'iyya."* Akasinsa: *danniya*.