Kariya Kafin Tukuici: Matsayin Mai Tona Asirin Almundahana a Jihar Maradi

A shekarar 1985 aka fara ba mutanen Tibirin Gobir ruwan famfo daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwan garau yake a ido, amma sinadarin fulor da ke cikinsa ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, wato miligiram 1.5 a kowace lita, sau uku ko fiye. Yaran da suka tashi da shan ruwan nan haƙoransu suka rine, ƙasusuwan ƙafafunsu suka lanƙwashe, ɗaruruwa daga cikinsu suka nakasa har abada. An ɗauki wajen shekara 15 a haka kafin maganar ta fito fili. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Nijar, ANDDH, ta kai batun gaban shari'a, a 2002 kuma ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa da ƙasa, FIDH, ta fitar da rahoto na musamman kan yaran Tibiri.

Yawanci ana karanta wannan masifa a matsayin batun lafiya ko na ruwan sha. Ni a ganina batu ne na shiru a wurin aiki. Ruwan da ake raba wa gari guda yana da ma'auni da takardu da mutanen da aka ɗora wa awonsa. Ko dai an auna shi an ajiye sakamakon a aljihun tebur, ko kuwa an bar awon gaba ɗaya. Kowanne daga cikin biyun abu ne da na ciki ke gani tun kafin na waje ya ji labari. Tambayar da wannan maƙala ke bi ita ce: da wani ƙaramin ma'aikaci ya so buɗe baki a wancan lokaci, wace doka za ta tsaya masa? In kuma yau ce, me ya canja?

A takarda, abubuwa da dama sun canja. Nijar tana cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2003 kan yaƙi da cin hanci, wadda sashenta na 33 ya nemi ƙasashe su duba hanyar kare wanda ya kai rahoto da kyakkyawar niyya. Yarjejeniyar Tarayyar Afirka da aka sa wa hannu a Maputo a wannan shekarar ita ma ta yi maganar kare masu ba da bayani da ɓoye sunayensu. A cikin gida, an kafa hukumar yaƙi da cin hanci, HALCIA, a 2011, aka ƙarfafa ta da doka a Disambar 2016, aka kuma buɗe layin waya na kai ƙorafi kan cin hanci a ɓangaren shari'a. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, hukumomin soja suka kafa COLDEFF domin ƙwato dukiyar ƙasa. Hukumomi irin waɗannan suna rayuwa ne da abin da mutane ke kawo musu. Amma buɗe ƙofar karɓar rahoto daban, tsare mutumin da ya shigo ta ƙofar daban. Ma'aikacin da aka kora wata biyu bayan ya yi magana yana bukatar doka da ta faɗi dalla-dalla cewa korar ramuwar gayya ce, ta faɗi wanda zai mayar da shi bakin aiki, da wanda zai biya shi abin da ya rasa. A nan ne giɓin yake.

Dokar ƙwadago ta 2012 ta san irin wannan kariya, sai dai ta keɓe ta ga wakilan ma'aikata, waɗanda ba a sallamarsu sai da izinin sufeton ƙwadago. Akawu ko direba ko mai tsaron sito da ya ga ana sauya lambobi ba ya cikin wannan inuwa. Ma'aikacin gwamnati kuma yana ɗauke da wajibcin riƙe sirrin aiki, ga laifin ƙazafi a kundin hukunci yana jiransa idan hujjarsa ta gaza. Ba ma sai an kai ga kora ba. Kowane ma'aikaci a Nijar ya san ma'anar takardar canjin wurin aiki da ke zuwa tsakiyar shekara, ta ɗauke mutum daga Maradi zuwa Bilma da sunan bukatar aiki.

Abin da ya biyo bayan binciken ma'aikatar tsaro a 2020 ya nuna yadda lissafin yake. Rahoton binciken ya yi maganar asarar kimanin miliyar 76 na sefa a cinikin kayan soja. A zanga-zangar 15 ga Maris a Yamai mutum 3 suka mutu, aka tsare wasu jagororin ƙungiyoyin farar hula, ciki har da Maikoul Zodi da Moudi Moussa da Halidou Mounkaila, tsawon watanni. A watan Yuni aka kama ƴar jarida Samira Sabou bisa dokar laifukan intanet ta 2019, saboda wani rubutu a Facebook da ya shafi batun, ba ta fito ba sai ƙarshen Yuli. Wannan doka an sassauta ta a 2022, aka cire ɗauri kan ɓata suna, sannan a Yunin 2024 aka mayar da ɗaurin. Wanda ke zaune a wani ofishi a Maradi yana kallon duk wannan. Idan masu suna da lauyoyi da ƙungiyoyin waje a bayansu sun kwana kaso, shi da ba kowa ba ina zai kwana?

Sai dai babbar matsalar Maradi ta wuce abin da ke cikin kundin doka, domin mafi yawan masu aiki a birnin ba su da kwangila ko takardar albashi. Emmanuel Grégoire, a nazarinsa na 1986 kan alhazan Maradi, ya bayyana yadda kasuwancin garin ya ginu kan dangantakar ubangida da baransa. Yaron shago ba albashi kaɗai yake samu ba. Ubangida ne ke yi masa aure, shi ke biyan magani ranar da uwarsa ta kwanta, shi ake sa ran zai ba shi jari wata rana. Idan wannan yaro ya ga ana sake manna kwanan wata a kan maganin da ya lalace, ko ana gauraya takin zamani da yashi, ko ana rage kaya a takardar duwan a kan hanyar Ɗan Isa, abin da zai rasa in ya yi magana ya fi aiki nesa. Zai rasa suna. Babu alhajin da zai sake ɗaukar wanda aka ce ya ci amanar gidan da ya rene shi, kuma danginsa ne za su fara zaginsa. An tarbiyyantar da mu cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma rufin asiri addu'a ce da muke yi wa juna kullum. Dokar kare masu tona asiri da aka kwafo daga Faransa, irin ta Sapin II ta 2016, wadda aka tsara wa mai kwangila da lauya da kotun ƙwadago, za ta wuce ta saman kan wannan yaro ba ta taɓa shi ba.

Haka abin yake a Jiratawa, ta wata fuska. Filin noman rani na can yana hannun ƙungiyar manoma ne ƙarƙashin kulawar hukumar noman rani ta ƙasa, ONAHA: ana tara kuɗin ruwa bayan girbi, ana raba taki, ana tsara ranar ban ruwan kowa. A duk tsari irin wannan, ko a ina yake, kuɗi na bi ta hannun mutane ƙalilan. Manomin da ya nemi a buɗe littafin ma'aji ba ma'aikacin kowa ba ne, saboda haka ba a iya korarsa. Ana iya dai mance sunansa a jerin masu taki, ko ranar ruwansa ta riƙa faɗawa lokacin da injin ya tsaya, ko a tuna da tsohon bashinsa a ce gonar ta koma hannun wani. Dokar da ta ce kariya tana nufin hana kora kawai ba ta san wannan ramuwa ba.

Akwai masu cewa mafita ita ce kuɗi: a ba mai kwarmato kaso daga abin da aka ƙwato, tsoro zai gudu. Hujjarsu Amurka ce, inda dokar 1863 kan damfarar gwamnati ke ba wanda ya kai ƙara kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari. Amma gwaji mafi kusa da mu yana ƙetaren Jibiya. A Disambar 2016 ma'aikatar kuɗi ta Nijeriya ta yi shelar ba da kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari. Da farko abin ya yi armashi. A Afrilun 2017 aka gano fiye da dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi da ke Legas. Wanda ya ba da labarin sai da aka yi watanni ana ja-in-ja kafin a fara biyansa. Tsarin kuwa manufa ce ta ma'aikata, ba dokar majalisa ba, don haka waɗanda aka dakatar ko aka kora saboda sun yi magana ba su sami takamaiman sashen da za su riƙe a kotu ba. Zuwa ƙarshen 2022 ministar kuɗi Zainab Ahmed da kanta ta yarda cewa tsarin ya yi sanyi, domin mutane suna tsoron abin da zai same su. Ko doka ma ba ta isa ita kaɗai ba. Afirka ta Kudu tana da tata tun 2000, duk da haka aka harbe Babita Deokaran a ƙofar gidanta a Agustan 2021, bayan ta tona badaƙalar kwangiloli a ma'aikatar lafiya ta lardin Gauteng.

Tukuici yana da wani aibi na biyu: yana aiki ne kawai inda akwai kuɗin ƙwatowa. Wanda zai tona batun ruwan Tibiri kashi nawa na me za a ba shi? Babu buhun kuɗi a cikin rijiya. Abin da irin wannan mutum ke bukata diyya ce: albashinsa ya ci gaba da fita yayin da ake bincike, a biya masa lauya, a mayar masa da aikinsa ko gonarsa, idan zama ya gagara a taimaka masa ya koma wani gari. Kuma nauyin hujja ya juya. Idan an hukunta mutum jim kaɗan bayan ya kai rahoto, mai gidan aikin ne zai tabbatar wa alƙali cewa dalilin daban ne. Umarnin Tarayyar Turai na 2019 ya bi wannan hanya, kuma a ganina shi ne sashe ɗaya da ya cancanci a aro shi yadda yake.

Ban raina tsoron masu adawa ba. Mutanen da suka rayu zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, suna tuna lokacin da ake rage murya a majalisar shayi don ba a san wa ke kai rahoto ba. Ga hassadar kasuwa, ga gabar siyasa, ga rikicin gado. Duk suna iya sanya rigar kishin ƙasa. Amma malamanmu sun daɗe da raba annamimanci da shaida. Imam Nawawi ya lissafa wuraren da ya halatta a ambaci aibin mutum, ciki har da kai ƙarar zalunci, da neman taimakon kawar da ɓarna, da gargaɗin jama'a kan cuta. Ayar bashi a Suratul Baƙara ta hana cutar da marubuci da mai shaida, ayar da ke biye da ita kuma ta hana ɓoye shaida. Wato wajibcin faɗa da haƙƙin kariya tare suka zo. Aikin doka shi ne ta bi wannan rabewa: wanda ya yi kuskure da kyakkyawar niyya a bar shi, wanda ya ƙirƙiri ƙarya da gangan a hukunta shi, wanda ake zargi kuma kada a bayyana sunansa kafin a tantance.

Ta wace ƙofa za a kai maganar? A nan Ghana ta fi Faransa amfani gare mu. Dokarta ta 2006 ta yarda a kai rahoto da baki, a rubuta wa wanda bai iya rubutu ba, ta kuma sa sarki da dattijon dangi da shugaban addini cikin waɗanda ake iya kai wa. A jihar da fadar Katsinar Maradi da ta Gobir ke da nauyi a idon talaka, wannan tunani ya dace. Hatsarinsa a fili yake: sau da yawa ubangidan da ake ƙara yana cikin masu zuwa gaisuwa fada ranar Juma'a. Don haka ƙofa ɗaya ba ta isa. A bar wa mutum zaɓi tsakanin fada, da limami, da sufeton ƙwadago, da mai gabatar da ƙara, da lambar waya da ake amsawa da Hausa, kuma duk wanda ya karɓi rahoto ya fallasa sunan mai shi ya fuskanci hukunci mai tsanani. A gari irin Tibiri, inda kowa ya san kakan kowa, ɓoye suna shi ne rabin kariyar.

Masu tsara dokokin Nijar, da malaman jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da ƙungiyoyin ƙwadago da na ƴan kasuwar Maradi, su ne ya kamata su ɗauki wannan aiki. Doka ta musamman ake bukata, wadda za ta haɗa ma'aikacin gwamnati da yaron shago da ɗan ƙungiyar manoma, ta sa ɓoye suna da juya nauyin hujja da asusun diyya a gaba. Maganar kaso daga abin da aka ƙwato a bar ta sai waɗannan sun tsaya da ƙafafunsu.