Shirin ko-ta-kwana a jami'o'in arewacin Kamaru: haɗura, hukumomi da abin da ya kamata ɗalibi ya sani

Shirin ko-ta-kwana shi ne tanadin da makaranta ke yi tun kafin masifa ta auku: wa zai sanar da jama'a, ta wace ƙofa za a fita, ina za a taru, wa zai kira masu agaji, kuma yaya karatu zai ci gaba bayan ƙura ta lafa. A arewacin Kamaru batun ya shafi jami'o'in gwamnati uku da ke Ngaundere da Marwa da Garwa, inda dubban matasa ke karatu, ciki har da 'ya'yan Hausawan Kamaru da ɗimbin ɗalibai daga Cadi. Abu biyu ne suka bambanta wannan yanki. Yawancin haɗuran da ke barazana ga ɗalibi suna da lokacinsu a shekara, ana iya hango su. Sannan akasarin ɗalibai suna kwana ne a ɗakunan haya a wajen harabar jami'a, inda ikon hukumar makaranta bai kai ba.

Jami'o'in uku da muhallinsu

Jami'ar Ngaundere ce babbar yaya. An ɗaga ta zuwa cikakkiyar jami'a a shekarar 1993, kuma tana Dang, kimanin kilomita 15 daga cikin gari, a bakin babbar hanyar da ta nufi Garwa. Tana kan tudun Adamawa, inda zafi ke da sauƙi amma damina ke da tsawo, ga tsawa, ga manyan motocin dakon kaya da ke ratsa unguwar ɗalibai dare da rana.

An kafa Jami'ar Marwa a watan Agusta na 2008 a jihar Arewa Mai Nisa. Garin yana zaune ne a bakin rafukan da ake kira mayo da Fulatanci, waɗanda suke bushewa ƙurmus da rani, su cika su tumbatsa cikin 'yan sa'o'i idan an yi ruwa a kan duwatsun Mandara.

Jami'ar Garwa ita ce auta. Shugaba Paul Biya ya kafa ta a watan Janairu na 2022, tare da ta Bertoua da ta Ebolowa. Garwa na gaɓar kogin Binuwai, ƙasa da madatsar ruwan Lagdo da ke da nisan kimanin kilomita 50, kuma tana cikin garuruwan da suka fi zafi a ƙasar.

Haɗura bisa lokutan shekara

Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne. Iska ta bushe, komai ya zama makamashi, kuma a ɗakin ɗalibi ana samun tukunyar gas da risho da katifa da littattafai duk wuri guda. Wannan ne lokacin gobara.

Daga Maris zuwa Mayu bazara ce, zafi kan haura digiri 40 a Garwa da Marwa. Ruwan tafkin Lagdo, wanda kaso mai yawa na lantarkin jihohin arewa uku ya dogara da shi, yakan ja baya, sai ɗaukewar wuta ta yawaita. Idan wuta ta tafi famfo kan ƙafe, ɗalibai su koma ga kyandir da janareta da ruwan 'yan garuwa. Wannan kuma shi ne lokacin sanƙarau, domin yankin yana cikin zirin ƙasashen Sahel da cutar ta saba ɓulla, kuma cunkoso a ɗaki ɗaya yana taimaka mata. A ƙarshen 2011 an yi gangamin allurar MenAfriVac a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa, amma wannan allura nau'in A kaɗai take karewa. Annobar da ta afka wa Nijar a 2015 nau'in C ce ta haddasa ta.

Daga Yuli zuwa Oktoba damina ce ta kankama. A Agusta da Satumba na 2012 Binuwai ya yi ambaliya, aka saki ruwa daga Lagdo, unguwanni da ƙauyukan kewayen Garwa suka nutse, har shugaban ƙasa ya kai ziyarar jaje. Ruwan bai tsaya a kan iyaka ba: ya bi ta Yola da Makurdi zuwa Lokoja, kuma hukumomin Najeriya sun ce ambaliyar wannan shekara ta kashe mutum 363, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. A ƙarshen Agustan 2020 gadar Palar da ke Marwa ta karye, ta datse hanyar da ke zuwa Mora da Kuseri. A 2024 ambaliya ta shafi sama da mutum 400,000 a jihar Arewa Mai Nisa, ta cinye unguwanni a Yagwa. A watan Satumba na wannan shekarar ce kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri.

Galibi waɗannan watanni na dogon hutu ne, sai dai a cikinsu ake yin jarrabawar cike gurbi da gasar shiga manyan makarantu, kuma a cikinsu sababbin ɗalibai ke zuwa neman ɗaki. Bayan ruwa kuma kwalara ke biyowa. A annobar 2010, wadda ta fi tsanani a Arewa Mai Nisa, sama da mutum 10,000 ne suka kamu a Kamaru, fiye da 600 suka rasu.

Haɗuran da ba su da lokaci

Ranar 22 ga Yulin 2015 'yan ƙunar baƙin wake sun tayar da bam a babbar kasuwar Marwa da unguwar Barmare, wadda aka sani da unguwar Hausawa. Kwana uku bayan haka wani bam ya tashi a unguwar Pont Vert. A ƙetaren iyaka an sha kai hari kan manyan makarantu kai tsaye: Jami'ar Bayero ta Kano a Afrilun 2012, da masallacin Jami'ar Maiduguri a Janairun 2017. Harin Mubi na Oktoban 2012 ya fi kusa da halin da ɗaliban Kamaru ke ciki, domin a gidajen hayarsu da ke wajen makaranta aka bi ɗalibai cikin dare aka kashe.

Turmutsitsi ma haɗari ne a duk inda dubban mutane ke shiga ta ƙofa ɗaya. Ranar 24 ga Janairun 2022 mutum 8 sun mutu a ƙofar filin wasa na Olembe da ke Yawunde lokacin gasar cin kofin Afirka. Babban zauren lacca ranar jarrabawa, ko layin biyan kuɗin rajista, ƙaramin misali ne na irin wannan cunkoso.

Annobar korona ta nuna wani salo na daban. Ranar 17 ga Maris na 2020 Firaminista Joseph Dion Ngute ya sanar da rufe dukkan makarantu da jami'o'i da iyakokin ƙasa daga washegari, kuma sai 1 ga Yuni jami'o'i suka sake buɗewa. Ɗalibin da gidansu ke Anjamena ko Yola ya wayi gari ba aji, ba hanyar komawa gida.

Wane ne ke da alhakin me

Dokar da ta sake tsara kare farar hula a Kamaru ta fito ne ranar 6 ga Disamban 1986, 'yan watanni bayan iskar gas ta tafkin Nyos ta hallaka mutum sama da 1,700. Sashen kare farar hula yana ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Wata dokar shugaban ƙasa ta watan Maris na 1998 ce ta shimfiɗa yadda ake tsara agajin gaggawa, abin da aka fi sani da shirin ORSEC. A ƙarƙashinsa prefe ne ke jagorantar kwamitin gaggawa a gundumarsa, gwamna kuma a matakin jiha.

Wannan na nufin idan masifa ta fi ƙarfin jami'a, ba shugabanta ne ke ba da umarni na ƙarshe ba, shi ma yana cikin masu amsa kiran prefe. Abin da ke wuyan jami'a shi ne mintunan farko, kafin agaji ya iso: masu gadi, asibitin cikin makaranta, da malaman da ke gaban aji a daidai lokacin.

Lambobin kiran gaggawa a Kamaru su ne 118 na sojojin kashe gobara, 117 na 'yan sanda, da 113 na jandarmomi. Ƙungiyar Red Cross ta Kamaru tana da rassa a jihohin uku, tana kuma horar da masu taimakon farko. A Garwa akwai reshen cibiyar Pasteur, inda ake gwada samfurin cututtuka irin su sanƙarau da kwalara.

Abin da cikakken shiri ke ƙunsa

Ma'aunin shirin jami'a ba yawan shafukansa ba ne. Ana gane shi ta abubuwan da ido ke gani:

Ƙofofin zaure su buɗe zuwa waje, kada a garƙame su da kwaɗo lokacin lacca ko jarrabawa, kada a jibge tsofaffin kujeru a bayansu.

A ware filin taruwa da kowa ya sani, nesa da gini da turakun lantarki, a kan tudu.

A samu hanyar sanarwa da ba ta dogara da wutar lantarki ko intanet ba, kamar ƙararrawa ko lasifikar hannu, a haɗa da saƙon waya ta hannun shugabannin aji.

Tukwanen kashe gobara su kasance da kwanan watan da aka duba su, a kuma samu waɗanda suka taɓa riƙe su a atisaye. Atisaye sau ɗaya a farkon shekarar karatu, lokacin da sababbin ɗalibai suka iso, ya fi sanarwa goma a allo.

A tanadi tankin ruwa da sinadarin kulorin, da kwafin sakamakon jarrabawa a wani wuri dabam, kada ruwa ko wuta su cinye wahalar shekaru.

A yi jerin ɗalibai masu buƙata ta musamman, makafi da guragu da kurame, a san wanda zai kama hannun kowane.

Akwai kuma batun harshe. Sanarwar jami'a da Faransanci da Ingilishi take fita, alhali masu sayar da abinci da 'yan acaɓa da masu gidajen haya da ke kewaye da ita Fulatanci da Hausa da Larabcin Shuwa suka fi ji. Su ne mutanen farko da ke isa wurin gobara, don haka gargaɗin da bai kai kunnensu ba ya bar rabin masu agaji a baya.

Ɗakin haya, inda haɗari ya fi yawa

A Dang da unguwannin Marwa da Garwa ɗalibai na zama ne a jerin ɗakunan da ake kira mini-cité, mallakin 'yan kasuwa. Da yawa ƙofa ɗaya gare su ta ƙarfe, tagogi kuma an yi musu ƙarfen hana ɓarayi, wanda ke hana mai ɗaki fita idan wuta ta tare ƙofar. Kafin biyan kuɗin haya yana da kyau mutum ya duba alamar da ruwa ya bari a jikin katanga, ya tambayi maƙwabta inda ruwan bara ya kai, ya lura da nisan rijiya daga masai, ya kuma san wanda ke riƙe da makullin babbar ƙofa da dare.

Wasu ƙa'idoji kaɗan suna ceton rai. Ba a zuba ruwa a man girkin da ya kama da wuta, ana rufe tukunyar ne a kashe gas. Idan an ji warin gas a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki. Ba a tayar da janareta ko a bar garwashi a rufaffen ɗaki, domin hayaƙinsa na kisa ba tare da wari ba. Ƙuna ana sanyaya ta da ruwa mai tsabta har tsawon minti 20, ba da man goge baki ko manja ba. Ba a ƙetare mayo mai gudu a ƙafa ko a babur, ko da ruwan bai wuce gwiwa ba.

Wanda gudawa mai kama da ruwan shinkafa ta kama, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, sannan a garzaya asibiti. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba abin jira har gobe ba ne. Wanda zafi ya buge har ya fara sambatu a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a yi masa fifita yayin da ake neman abin hawa.

Ga ɗalibin da ya ƙetaro iyaka

Baƙon ɗalibi ya fi kowa shiga tsaka mai wuya idan an rufe makaranta ko hanya. Ya kamata ya ajiye fasfo ko katin shaida da katin ɗalibi da takardun makaranta a leda mai hana ruwa, ya ɗauki hotonsu ya tura wa wani ɗan'uwa a gida. Ya rubuta lambobi biyu ko uku a takarda, domin waya na iya mutuwa ko ta ɓata. Ya ware ɗan kuɗin mota a hannu, kada duka su kasance a asusun waya.

Cadi na da ƙaramin ofishin jakadanci a Garwa. Najeriya kuwa ofisoshinta suna Yawunde da Duwala da Buea, nesa ƙwarai da arewa, saboda haka ɗalibin Najeriya ya fi dogara da ƙungiyar ɗaliban ƙasarsa da mutanen gari. A yawancin garuruwan arewacin Kamaru akwai unguwar Hausawa da Sarkin Hausawa, kuma al'adar saukar baƙo tana nan. Zuwa gaisuwa a makon farko, kafin buƙata ta taso, shi ke sa a san mutum ranar da zai ƙwanƙwasa ƙofa.

Iyaye ma da nasu rabon. Kafin yaro ya kama hanya a san sunan unguwar da zai zauna, da lambar abokin ɗakinsa, da ta wani dattijo a garin. A kuma yi yarjejeniya tun a gida: idan waya ta yanke, gidan wa zai nufa, kuma wa zai kira da zarar ya isa.