Uku, Bakwai, Arba'in a Bakin Iyakar Binin

A 1898 Ingila da Faransa suka raba ƙasar Bargu a tsakaninsu, Illo ta faɗo hannun Ingilishi, Nikki ta tafi wa Faransa. Layin da suka ja ya raba gonaki da kasuwanni, ya bar wa a ƙasa ɗaya ƙane a wata. Amma har yau in dattijo ya rasu a Lafagu, cikin ƙaramar hukumar Bagudo, sai an jira mutanen Segbana da na Malanbil, can tsallaken iyaka a Binin, kafin a ce dangi sun hallara.

A Musulunci ba a kwana da gawa don jiran na nesa. Mutum ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa. A zamanin da saƙo ke tafiya a ƙafa ko cikin kwalekwale a kan Kwara, ɗan da ke fatauci can Gaya ba ya samun jana'izar ubansa. Ina ganin nan amfanin ƙidayar kwanakin yake. Ran uku na kusa sun taru, ran bakwai na tsallaken ruwa sun iso, ran arba'in kuwa har wanda ke Kwatano ya samu ya zo ya ce "Ya haƙuri?" Mata su daka gumba, a soya masa, malamai su sauke Alƙur'ani, a raba goro.

Gardama a kan wannan al'ada ta girmi kakanninmu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Ihya'us Sunna na 1793, ya yi babi kan jana'iza da bidi'o'in da aka cusa mata. Bayan an kafa Izala a Jos a 1978, maganar ta shigo kowane zaure. Hujjar masu hanawa mai ƙarfi ce: zaman makoki kwana uku ne, matar mamaci kaɗai ke takabar wata huɗu da kwana goma, kuma lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta, Annabi (SAW) ya umarta a dafa wa iyalin Ja'afar abinci. Mu sai muka juya abin, maraya ke ciyar da gari. Na san gidan da aka sayar da buhunan shinkafar da za a ci har damina don kada a ce arba'in ɗin tsohonsu ba ta yi armashi ba. Wannan kam ba ni da bakin kare shi.

Sai dai da Baba ya rasu na ga wani abu da ba a cika kawowa cikin gardamar ba. Kwanakin farko ba ka ma san ka yi rashi ba, tabarmi cike, kana ta amsa "Haƙuri sai godiya." Bayan mako biyu kowa ya koma gonarsa. Lokacin ne za ka ga buta da carbinsa inda ya bar su, ka ji an kira sallar magariba babu mai gyaran murya a zaure. Ana cikin wannan hali Gwaggo ta ƙetaro daga Binin don arba'in. Ta zaunar da mu ta ce, "Ku yara, kun san ubanku ya taɓa tuƙa kwalekwale?" Ba mu sani ba. Daren nan muka ji labarin ƙuruciyarsa, har Inna ta yi dariya karo na farko tun rasuwar. Washegari wani tsohon abokin cinikinsa ya kawo kuɗin da Baba ke binsa, waɗanda ba wanda ya san da su, Kawu kuma ya sa ranar rabon gado.

Yanzu waya ta rage nisa, ta'aziyya ma ta WhatsApp ake turowa, gidaje da yawa kuma sun tsaya a addu'ar uku. Hukuncin ranaku na bar wa malamai. Roƙona ga dangi da maƙwabta shi ne, in wata ya zagayo da rasuwar mahaifin wani, ku ɗauki ƙwaryar abinci daga gidanku ku je ku zauna da 'ya'yansa, ku ba su labarin ubansu.